Gyaran zaure da matakalar bene da kuɗi kaɗan: tambayoyi da amsoshi ga mazauna Yamai

Na daɗe ina sa ido a kan aikin fenti a gidajen Yamai, nawa da na dangi da na abokan arziki, kuma wuraren da aka fi tambayata a kansu su ne zaure, da lungun da ke bi tsakanin ɗakuna, da matakalar bene. Nan ne baƙo yake fara ɗora ido, nan ne kuma mutanen gida suke bi safe da yamma, don haka nan ne tsufan gida yake fara bayyana. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsoshin da nake bayarwa.

Me ya sa zaure da matakala suke riga sauran gida lalacewa?

Ku tsaya a zaurenku da rana tsaka ku dubi bangon da kyau. Za ku ga kusan dukan dauɗar da kujewar suna ƙasa da kafaɗar babban mutum: shatin hannun yara masu hawa bene suna dafa bango, baƙin tabo inda hannun babur yake jingina kowane dare, kujewar da tukunyar gas ko buhun shinkafa ya bari a kusurwa, da jan layin ƙura a gindin bango inda tsintsiya take bugawa. Daga nan zuwa sama kuwa, sau da yawa fentin yana nan lafiya, ƙura ce kawai da yanar gizo-gizo suka dusashe shi. Wanda ya gane wannan ya gane inda ya kamata kuɗinsa su tafi. Abin da hannu yake taɓawa bai wuce tsayin mita ɗaya da santimita 20 ba, kuma shi ne ya cancanci fenti mai tsada; abin da ke sama da shi, mai araha ma ya ishe shi.

Wanne ya fi sauƙin kuɗi, fenti ko takardar bango?

A yanayinmu fenti ne, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Takardar bango tana buƙatar bango mai santsi ƙwarai, wanda aka shafe aka goge har ya zama kamar allo, alhali yawancin yaɓen simintin da ake yi a gidajenmu yana da kaushi da tudu da kwari, sai an kashe kuɗin gyara shi kafin a taɓa takardar. Bayan haka ga zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni yake wuce digiri 40, wanda yake busar da manne har bakin takarda ya fara ɗagawa a mahaɗa. Da ya ɗaga, ƙurar hunturu ta shige, yaro kuma ya sa farce. Fenti idan ya kuje, cokali biyu da ɗan buroshi sun rufe wurin. Takarda idan ta yage a tsakiyar matakala, sai an nemo irinta, kuma da wuya a same ta a kasuwa bayan shekara guda. Ban ce kada a yi ta sam ba. Akwai inda take dacewa, zan zo gare shi.

Yaya ake raba bango gida biyu, kuma wane fenti ake sa wa kowane ɓangare?

Wannan tsohuwar dabara ce da kowa ya gani a makarantu da asibitoci, kuma ba don rashin sanin ado aka yi ta ba. Ana sa wa ƙasan bango fenti mai mai, ko fentin ruwa mai sheƙi irin wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa yana wankuwa, sannan a sa wa sama fentin ruwa na gama-gari, wanda masu fenti a nan suke kira FOM. Na ƙasan yana jure soso da sabulu, na saman kuma yana da araha, yana bushewa da wuri, kuma rashin sheƙinsa yana ɓoye kurakuran yaɓe.

Kyan aikin duka yana ga layin da ya raba su. A zaure abin mai sauƙi ne: a auna santimita 120 daga daɓe a wurare da yawa, a haɗa alamomin. Amma daɓen gidajenmu ba kullum yake daidai ba, don haka ya fi kyau a auna wuri ɗaya, a kai sauran da ma'aunin ruwa irin na magina. A matakala kuwa ana aunawa daga bakin taki na farko a miƙe zuwa sama, a sake aunawa daga bakin taki na ƙarshe, sannan mutum biyu su ja igiyar da aka shafa wa bula tsakanin alamomin biyu, a ɗaga tsakiyarta a sake ta ta bugi bango. Layin da ta bari zai bi gangaren matakala daidai. A fara fentin sama, a bari ya bushe kwana guda, sannan a manna tef ɗin takarda a kan layin a yi na ƙasa. A cire tef ɗin tun fentin bai gama bushewa ba, domin a zafin Yamai idan ya kwana biyu a bango manninsa yakan kama, ya taho da fentin sama. Wanda yake son ƙarin ado yana iya jan siririn layi mai faɗin yatsa biyu da launi mai duhu a mahaɗar; rubu'in lita ya ishi gida guda, kuma yana sa aikin ya fito kamar an kashe masa ninkin kuɗinsa.

Malam, gindin bangona yana kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. Fenti mai mai zai tsare shi?

Ba zai tsare shi ba, ƙara shi ma zai yi. Wannan tambaya ta fi zuwa daga unguwannin da ke kusa da kogin Isa, irin su Saga da Harobanda, inda ruwa ya shiga gidaje a ambaliyar Satumba ta 2020, amma ana ganin matsalar ko'ina aka yi gini a kwari, ko inda bangon zaure ya haɗu da na makewayi. Laima ce take hawowa daga ƙasa ta cikin bulo, tana ɗauke da gishirin ƙasa. Idan ruwan ya bushe a fuskar bango sai gishirin ya rage, shi ne farin garin, kuma shi ne yake tura fenti waje. Fenti mai mai yana rufe bango kamar leda, laimar ta rasa mafita, sai ta taru a bayansa ta yi ƙuraje, ko ta ƙara hawa sama ta fito inda babu shi.

Kafin a sayi komai, a yi gwaji. A yanko leda kamar faɗin faranti, a manna ta a bangon da tef ta ko'ina yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana biyu. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a cikinta ko bangon ya yi duhu, to yana shan ruwa daga wani wuri, kuma sai an nemo wurin: bututun da ke yoyo a cikin bango, indararon da ke zuba a gindin gini, ko tsakar gidan da ta karkato ruwan sama zuwa zaure. Na taɓa yin wannan kuskure a gidana. Na ga kumburin, na kankare, na shafa fenti mai mai shafi biyu ana saura mako guda Sallah, kuma kafin ƙarshen damina ya ɓare faifai-faifai, sai daga baya muka gano cewa mahaɗar bututun wanka ce take ɗiga a bayan bangon. Kuɗin gyaran bututun bai kai rabin na fentin da na yi asara ba. Idan an toshe tushen ruwan, a kankare wurin har siminti, a share gishirin da busasshen buroshi mai ƙarfi, kada a wanke shi da ruwa domin zai narke ya koma ciki, sannan a bar bangon ya sha iska makonni kafin a shafa masa komai.

Wane shiri bango yake buƙata kafin fenti?

Rabin aikin ke nan, kuma shi ne ɓangaren da ya fi cin ƙarfi fiye da kuɗi. A shafa tafin hannu a bango: idan ya fito fari kamar an taɓa alli, tsohon fentin ya mutu, sabon ba zai kama a kansa ba sai an goge an wanke. A jiƙa ƙyalle da alkol irin na kantin magani a goga a wani lungu: idan launi ya biyo ƙyallen, fentin ruwa ne, idan bai biyo ba, mai mai ne, kuma fentin ruwa ba ya zama a kan mai mai sai an dusashe sheƙinsa an sa shafin farko na musamman. Inda hannu ya bar maiƙo, musamman gefen matakala da kewayen makunnin wuta, a wanke da garin sabulu a ɗauraye.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma haka ƙura da kyankyaso da laima. Ƙananan tsagu a ɗan buɗe su da bakin wuƙar shafe, a kakkaɓe, a jiƙa, a cika da hodar shafe bango, idan ta bushe a goge da takarda mai yashi. Amma tsagar da ta bi gicciye daga kusurwar ƙofa, ko wadda ake cikewa tana sake buɗewa, ko wadda ta raba matakala da bangon da take jingine, wannan magini za a kira ya duba. Inda aka yi sabon yaɓen siminti kuma, a ba shi kimanin kwana 28 kafin fenti, domin ɗanyen siminti yana cin launi yana kuma hana fenti kamawa.

Yaya zan san yawan fentin da zan saya?

Da tef ɗin awo da biro. A ce lungun yana da tsawon mita 6 da tsayin mita 3: bango biyu sun ba da murabba'in mita 36, a cire ƙofofi uku, wajen 5, saura 31. Bangon matakala ya fi rikitarwa saboda yana da tsayi a ƙasa yana raguwa yayin da ake hawa. Idan matakalar ta ci mita 4 a kwance, tsayin bangon daga takin farko zuwa rufin bene mita 6 ne, daga takin ƙarshe kuma mita 3, sai a ɗauki tsakiya, wato 4.5, a ninka da 4, ya ba da 18; bango biyu 36. Jimla 67.

Daga cikin wannan, ɓangaren ƙasa mai tsayin santimita 120 bai wuce murabba'in mita 21 ba, saura 46 na sama. Kowanne shafi biyu yake buƙata. Fenti mai mai yakan rufe wajen murabba'in mita 10 da lita guda, don haka lita 4 zuwa 5 sun isa. Fentin ruwa a kan yaɓe mai ɗan kaushi yakan rufe wajen 8, don haka lita 12. A lura cewa a kasuwarmu da kilo ake yawan sayar da fentin ruwa, kuma kilo ba lita ba ne: fentin ya fi ruwa nauyi, bokiti mai kilo 25 bai fi lita 16 zuwa 18 ba. Wanda ya je kanti da waɗannan lambobi a rubuce ba za a ɗora masa bokiti biyu inda ɗaya ya isa ba.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da aikin?

Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke bango ya bushe, kafin hazon hunturu ya yi kauri. A cikin damina, musamman Agusta, bango yana riƙe da laima kuma fenti mai mai yana daɗewa yana danƙo. A Disamba da Janairu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti ta mayar da shi kamar takarda mai yashi, sai dai a rufe ƙofar zaure a yayyafa ruwa a daɓe. A bazara kuwa fentin ruwa yana bushewa a kan rulo, wato abin shafa fenti mai mirginawa, tun bai kwanta ba, ya bar shatin kowane ja. Idan dole ne a yi a lokacin, a fara bayan sallar asuba a tsaya kafin hantsi ya dubi ludayi. Makonni biyu kafin kowace Sallah kuma masu fenti suna da aiki fiye da hannunsu, kuɗin aiki yana hawa, gaggawa tana ƙaruwa.

Wane launi ne ba ya nuna dauɗa?

Ƙurar Yamai ja ce, saboda jar ƙasar da garin yake kanta, don haka fari fat a ƙasan bango ba ya wata guda bai sauya ba. Ruwan ƙasa, ruwan toka mai ɗan ɗumi, ko kore mai duhu kaɗan sun fi jurewa. A sama kuwa ina ba da shawarar launi mai haske, ruwan madara ko fari da aka ɗiga wa ɗan rawaya, domin yawancin matakalolinmu taga ɗaya gare su ko babu, kuma idan wuta ta ɗauke da dare hasken tocila ko na waya yana yaɗuwa sosai a bango mai haske.

Hanya mafi araha ita ce a sayi farin fenti da ƙananan kwalaben launi a haɗa a gida. Sharaɗin shi ne a haɗa duk abin da ake buƙata lokaci guda a babban mazubi ɗaya, domin ba a taɓa dace launi iri ɗaya sau biyu da ido, kuma bambancin yakan fito a tsakiyar bangon matakala inda kowa zai gani. A shafa kaɗan a bango a jira ya bushe kafin a yanke hukunci, domin launin cikin bokiti daban yake da na busasshen bango.

Gidanmu na ƙasa ne a Tawa. Mu ma fenti za mu sa?

Bangon ƙasa yana shan laima yana fitar da ita, kuma lafiyarsa tana ga wannan numfashin. Fenti mai mai yana toshe shi, yaɓen siminti kuma yakan rabu da shi ya faɗo ɓangare guda bayan ƴan damuna, ya bar ƙasar ta jiƙe a baya. Abin da ya dace da shi shi ne farar ƙasa, wadda ita ce mafi araha cikin duk abin da ake shafa wa bango, kuma tana hana fumfuna. A jiƙa ta tun daren jiya, a tace, a tsarma ta kamar madara, a ɗan yayyafa wa bango ruwa, a yi shafi uku marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri wanda zai tsattsage. Wasu suna ƙara gishiri kaɗan ko jiƙaƙƙen ƙaro don ta rage bin tufafi, wasu suna ɗiga bula don farin ya ƙara fitowa. Tana da zafi a fata kuma tana da haɗari ƙwarai ga ido, don haka safar hannu da tabarau wajibi ne.

Ina so mutanen yankin Tawa su daina ganin gidan ƙasa a matsayin abin da ake ɓoyewa a bayan fenti. Masallacin Yama da ke yankin nasu, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1986. Zauren da aka yaɓe da kyau, aka shafe shi da farar ƙasa, aka zagaye bakin ƙofarsa da zane, ba ya jin kunyar kowane zaure. Abu ɗaya kawai za a tuna: bangon da aka taɓa shafa wa farar ƙasa ba ya riƙe fentin kanti sai an kankare ta.

Su takun matakalar fa, ana yi musu fenti?

Idan na siminti ne ana yi, amma da fentin daɓe, wanda aka yi don a taka shi. Fenti mai mai na bango yana da santsi, kuma idan yaro ya hau da jiƙaƙƙiyar ƙafa ko dattijo ya sauko bayan alwala, abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin maganar ado. A tankaɗe yashi mai laushi, a wanke shi, a shanya, a barbaɗa a kan shafin farko tun yana ɗanye, washegari a share wanda bai kama ba a rufe da shafi na biyu. A bakin kowane taki a ja layi mai faɗin yatsa uku da launi mai haske, domin mai raunin gani ya san inda taki ya ƙare. Tun da ba za a hana mutanen gida hawa bene kwana biyu ba, a yi wa taki ɗaya a tsallake ɗaya, a sa alama a kan waɗanda ake takawa, idan na farko sun bushe a koma kan sauran. Ƙarfen dafawa kuma a goge tsatsarsa a sa masa jan fentin hana tsatsa kafin launi.

Ni dai takardar bango nake so. Ina zan sa ta ba tare da asara ba?

A zaɓi bango ɗaya, busasshe, wanda rana ba ta bugun bayansa: wanda yake fuskantar mai shigowa a ƙarshen lungu, ko na wurin hutawa a tsakiyar matakala. A sa ta daga layin santimita 120 zuwa sama, a bar ƙasa ga fenti. A nemi mai fuskar roba wadda ake gogewa da ɗanyen ƙyalle.

Naɗin da aka fi sani yana da faɗin santimita 53 da tsawon mita 10 da ɗan kai. Idan daga ƙasa har sama za a sa ta, a bango mai tsayin mita 3 yana ba da faifai uku, wato faɗin da bai kai mita 1.6 ba, kuma idan zanen babba ne wanda sai an daidaita shi faifai da faifai, asarar tana ƙaruwa. A dogon bangon matakala mai mita 6 kuwa faifai ɗaya tak yake bayarwa, saura mita 4 su zama guntu, ga wahalar riƙe jiƙaƙƙiyar takarda mai wannan tsawo a kan tsani. Shi ya sa nake hana mutane sa ta a can. A duba lambar da ke jikin kowane naɗi ta zama iri ɗaya, domin launi yana ɗan bambanta daga bugu zuwa bugu. Kada a dama manne da garin rogo ko fulawa don neman sauƙi: abincin gara da kyankyaso ne, kuma gidan da aka taɓa ganin hanyar gara a bangonsa bai kamata a kai masa takarda ba sam.

Akwai haɗari ga lafiyar yara?

Akwai, kuma wannan ita ce amsar da na fi so a karanta. Wasu fentoci masu mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo masu ƙyalli, ana haɗa su da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jiki da aka sani ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa ta rage fahimta, illar kuma ba ta gyaruwa. Mun ga ƙarfinta a maƙwabta a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a jihar Zamfara saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta fenti ba ta kisa da sauri haka, a hankali take shiga, ta hanyar ɓawon da yaro ya tsinta ya sa a baki da ƙurar da ta sauka inda yake rarrafe. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya take ba ƙasashe shawara a kai shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti.

Saboda haka a nemi gwangwanin da aka rubuta cewa babu dalma a cikinsa, kuma inda aka samu fentin ruwa mai wankuwa a fifita shi a kan mai mai. Tsohon fenti mai mai da ba a san asalinsa ba kada a goge shi a bushe. A jiƙa shi, a shimfiɗa leda a ƙasa, a tattara abin da ya zuba, a goge daɓe da ɗanyen tsumma. Yara da mata masu ciki su bar wurin har a gama. Masu tsarma fenti da fetur kuma su sani cewa tururin fetur ya fi iska nauyi, yana gangarowa ya taru a ƙasan matakala, kuma murhun gawayi ko na gas a kusa ya isa ya tayar da gobara.

In yi da kaina ko in kira mai fenti?

Zaure da lungu da duk inda hannu yake kaiwa daga tsaye, mutum mai haƙuri zai iya da rulo da buroshi biyu, ya kuma ɗaura rulon a sandar tsintsiya don ya kai sama. Dogon bangon matakala kuwa a bar wa mai sana'a da mataimakinsa. Na ga ana dasa tsani a kan taki, a cusa bulo a ƙarƙashin ƙafa ɗaya don ya daidaita, kuma ba na so in sake gani.

Idan za a kira mai fenti, a yi jinga a kan aikin duka, a faɗi a fili cewa kankara da cike tsagu da shafi biyu suna ciki. A sayi kayan da kai, ko a je kanti tare, a buɗe bokiti a gabanka, domin inda aka fi cutar mai gida shi ne yawan ruwan da ake zuba wa fenti don ya yaɗu. Abin da kamfani ya yarda a ƙara yana rubuce a jikin bokitin. A ba da kafin alƙalami daidai gwargwado, a riƙe cikon sai an duba aikin da hasken rana.

Gidan haya nake. Ya dace in kashe kuɗi?

A yi magana da mai gidan tukuna, a gaban shaida ko a rubuce, a kan launi da kuma ko za a cire kuɗin daga na haya. Idan bai yarda ba, a wanke bango, a yi ɓangaren ƙasa kawai, a sauya ƙwan fitila zuwa mai haske. Takardar bango a gidan haya asara ce.

Ina ake sayen kaya, kuma yaya ake gane mai kyau?

A Yamai kasuwar Katako ce matattarar kayan gini, akwai kuma kantuna a kewayen Babbar Kasuwa da bakin manyan tituna; mutanen Tawa kuma kaya da yawa suna iso musu ta Birnin Ƙonni. Bayan rufe iyakar Benin a 2023 hanyar kayan waje ta yi nisa, farashi kuma yakan motsa, don haka a tambayi kanti uku a rana ɗaya kafin a saya. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. A duba murfi ko an taɓa buɗe shi, a duba ranar da aka yi fentin, a sa sanda a motsa: wanda ya daskare a ƙasa kamar tuwo ya ƙi haɗuwa, ko fentin ruwan da yake warin ruɓa, ya lalace. Idan ana shakka a sayi ƙaramin gwangwani a gwada a murabba'in mita guda, bayan mako a goga ɗanyen ƙyalle a gani ko zai biyo.

Bayan an gama, yaya za a sa aikin ya daɗe?

Fenti yana bushewa a taɓa cikin sa'o'i, amma ba ya gama ƙarfi sai bayan mako uku zuwa huɗu, don haka kada a kai masa soso kafin nan. Daga baya a riƙa kakkaɓe sama da busasshen ƙyalle a kan sanda, musamman a hunturu, a goge ƙasa da ruwan sabulu mara yawa. Inda babur yake jingina a kafa guntun katako ko tsohuwar roba a tsayin hannunsa. Ragowar fentin a juye shi a ƙaramar kwalba mai murfi yadda zai cika ta, domin iskar da ke cikin babban bokiti ce take busar da shi, a rubuta a jiki sunan launin da bangon da aka shafa wa, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da hannun yara.